Yadda Ciwon Sukari Ke Cin Ƙoda a Ɓoye

 

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata magana da ta yawaita a bakin jama'a wajen zaman ta'aziyya. Sai ka ji an ce, "Ai marigayi ya daɗe da ciwon sukari, yana harkokinsa lafiya lau, kwatsam sai ƙoda ta kayar da shi, ba a yi wata uku ba Allah ya karɓi abinsa." Ajali dai na Allah ne, babu mai jayayya a kan wannan. Amma kalmar nan "kwatsam" tana bukatar gyara, domin ciwon ƙodar da sukari ke haddasawa yakan yi shekara 10 ko 15 yana tafiya cikin jiki kafin ya bayyana, kamar yadda gara ke cin azara, ɗaki na tsaye, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a ce ya faɗi dare ɗaya. Cikin waɗannan shekaru akwai hanyar gano shi da kuɗi kaɗan, akwai kuma hanyar rage masa gudu. Wannan shi ne abin da muke so mu warware, daki-daki.

Aikin da ƙoda ke yi

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya san siffar ƙoda, wadda ake ce wa kulya da Larabci. Ta ɗan Adam guda 2 ce, ɗaya dama ɗaya hagu, suna kwance a gefen ƙashin baya ƙarƙashin haƙarƙari na ƙarshe. Girman kowace kamar dunƙulen hannun mai ita, nauyinta wajen giram 150. A cikin kowace guda akwai 'yan matatai ƙanana wajen miliyan 1, waɗanda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Kowace matata ƙullin jijiyoyin jini ce da suka fi gashi siranta, sa'an nan wani ɗan bututu mai lanƙwasa ya biyo bayanta.

Jinin da ke jikin babban mutum wajen lita 5 ne, amma a kowane minti fiye da lita 1 ke ratsa ƙoda. Saboda haka jinin nan yana ta kewayowa dare da rana, har ruwan da matatan ke tacewa a yini da kwana ya kai lita 180, watau jarka 9 irin mai cin lita 20. Da a ce duk wannan ruwa zai fita, da babu mai kai azahar da rai. Sai Allah ya hore wa bututun nan ya mayar da kusan dukkansa cikin jini, tare da gishiri da sukarin da jiki ke so, ya bar lita 1 da rabi ko kusa da haka ya fita bawali, ɗauke da dattin da ba a bukata.

Matatar tana aiki kamar rariyar tankaɗe. Ruwa da gishiri da datti su wuce, ƙwayoyin jini kuwa da wani abu mai daraja da ake kira albumin su tsaya. Shi albumin ɗin ɗan'uwan farin ruwan ƙwai ne, kuma shi ne ke riƙe ruwa a cikin jijiya don kada ya tsiyaye cikin tsoka. Ban da tacewa, ƙoda ita ce ke daidaita ƙarfin bugun jini, ita ce ke aika wa ɓargo saƙo ya ƙera sabon jini, tana kuma taimakon ƙashi ya yi ƙwari. Mai karatu ya riƙe waɗannan, domin da su za a fahimci alamomin da ke zuwa a gaba.

Mene ne ciwon sukari

Tuwon masara da na dawa, shinkafa, burodi, rogo, dankali, duk in sun shiga ciki sukari suke komawa, su shiga jini. Bayan tumbi akwai wata doguwar tsoka da Larabawa ke kira bankiriyas, tana fitar da wani ruwa mai suna insulin, wanda ke buɗe wa sukari ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka a yi aiki da shi. In insulin ya ƙare ɗungum, kamar yadda yakan faru ga yara da matasa, ko kuwa yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, kamar yadda ya fi yawa ga manya, sai sukari ya taru cikin jini. Wanda ya kwana bai ci kome ba, aka auna jininsa da safe aka sami 126 ko fiye (wasu na'urori 7 suke nunawa), aka sāke aka sami haka, to yana da ciwon sukari.

In sukarin jini ya haura wajen 180, bututun ƙoda ba ya iya mayar da shi duka, sai ya malala cikin bawali yana jan ruwa tare da shi. Daga nan ne yawan fitsari da ƙishirwa ke samo asali. Malamin da a da yake riƙe alwalar Magariba har ya yi Isha'i da ita, yanzu ba ya iyawa. Ɗan kasuwa yana tashi sau huɗu sau biyar cikin dare, in gari ya waye ya ga kiyashi sun taru inda ya kama ruwa.

Likitocin dā sun san wannan cuta. Jalinusu, babban likitan zamanin Rumawa, ya ɗauka cutar ƙoda ce tsantsa saboda yawan bawalin da ya gani. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya siffanta ta cikin littafinsa Alƙanun, har ya ambaci zaƙin fitsarin mai ita. Sai a 1889 wasu likitoci biyu, Minkowski da von Mering, suka cire wa kare bankiriyas a birnin Strasbourg, karen ya kamu da ciwon sukari, aka gane inda asalin cutar yake. A 1921 Banting da Best suka samo insulin a Toronto ta ƙasar Kanada, aka fara yi wa mutum allurarsa a 1922. Da masu ciwon suka fara daɗewa a duniya, sai aka ga ashe zaton Jalinusu bai faɗi ƙasa banza ba. Cutar ba daga ƙoda take farawa ba, amma can take zuwa ta yi ɓarna. A 1936 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Kimmelstiel da Wilson, suka duba ƙodar mutum 8 da suka rasu, suka ga matatan sun cika da wasu ƙulle-ƙulle na tabo. Har yau da sunansu ake kiran wannan tabo.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ke da cutar a duniya, miliyan 3 da dubu 600 daga cikinsu a Nijeriya, kuma a Afirka fiye da rabin masu ita ba su san suna da ita ba. Cikin kowane mutum 3 masu ciwon sukari, wajen 1 yakan samu taɓuwar ƙoda. Sauran 2 kuwa sukan tsira, kuma abin da mutum ya yi da wuri yana da hannu babba wajen sanin ɓangaren da zai faɗa.

Matakai biyar

A 1983 wani likita ɗan ƙasar Denmark mai suna Mogensen ya kasa tafiyar wannan ciwo gida 5. Don a ji daɗin fahimta, bari mu buga misali. Mu ɗauka ga wani Alhaji ɗan shekara 45, mai sayen masara da waken suya a kasuwar Dayi da kaka, yana loda mota ta bi ta Gwarzo zuwa Dawanau. Ya samu buɗi, ya daina noma da hannunsa, jiki ya yi nauyi, shayi mai kauri safe da dare, lemon kwalba bayan kowane abinci. Sukari ya hau, shi bai sani ba.

Mataki na farko, ƙoda tana aikin wuce kima. Sukari mai yawa yana zubowa cikin bututu, bututu yana ƙoƙarin kwashe shi, kuma duk inda ya kwashi sukari sai ya haɗa da gishiri. A ƙarshen bututun akwai wasu 'yan tsaro masu ɗanɗana gishirin da ya iso gare su. Da suka ji ya ragu, sai su ɗauka tacewa ce ta yi ƙasa, su sa a buɗe jijiyar da ke kawo jini cikin matata, alhali jijiyar da ke fitar da shi tana matsewa. Mai noman rani ya san abin da ke faruwa in aka ƙara wa injin ban-ruwa wuta kuma aka toshe bakin tiyo da yatsa. Haka matatan nan miliyan 2 ke kwana suna tashi cikin matsi. Ƙoda takan ɗan kumbura, tana tace fiye da ƙa'ida. Alhaji ba ya jin kome.

Mataki na biyu, bango yana kauri. Wanda ya taɓa barin ruwan rake ya bushe a hannunsa ya san yadda sukari ke danƙo. Haka yake manne wa bangon 'yan jijiyoyin matata, shekara bayan shekara, har bangon ya yi kauri ya taurare, naman da ke tsakanin jijiyoyin ya yi ta ƙaruwa yana matse su. Wannan yakan fara cikin 'yan shekarun farko na ciwon. A nan ma babu zafi, babu kumburi, bawali fes. Alhaji ya je Makka ya dawo, ya aurar da 'yarsa, kowa na yi masa barka da lafiya.

Mataki na uku, rariya ta fara yoyo. Abin mamaki, kaurin bangon bai sa ya ƙara riƙo ba. Akwai wasu ƙwayoyin halitta masu kama da yatsu da suka rungume kowace jijiya, tsakanin yatsun nan ne ramukan rariyar suke. Matsi da sukari suna kashe su ɗaya bayan ɗaya, kuma wanda ya mutu ba a cika samun madadinsa ba. Sai albumin ya fara silalewa cikin bawali, kaɗan kaɗan, yadda ido ba ya gani. Likitoci a London da Denmark sun nuna a farkon shekarun 1980 cewa wannan ɗan yoyo shi ne manzon farko na lalacewar ƙoda, kuma yana faɗakarwa game da ciwon zuciya. Ya ku jama'a, wannan mataki shi ne wurin da ya kamata a tare ɓarawo, domin a nan magani yana iya tsayar da yoyon, wani lokaci har ya mayar da shi baya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na huɗu, abu ya fito fili. Yoyo ya yi yawa, bawali yana kumfa irin wadda ba ta saurin kwantawa. Da albumin ya ragu cikin jini, gishiri kuma ya taru, sai ruwa ya tsiyaye cikin tsoka. Da safe fatar ido a kumbure, da yamma takalmi ya ƙi shiga, in an danna ƙwauri yatsa ya bar rami. Albumin ɗin da ke wucewa yana ƙona bututu, wurin ya zama tabo. Matatar da ta mutu ta mutu ke nan, aikinta ya koma kan waɗanda suka rage, su ma nauyi ya yi musu yawa su bi sahu, kamar ayarin jakuna da duk wanda ya faɗi a ɗora kayansa kan 'yan'uwansa. Ƙodar da ta ji ciwo tana ta da hawan jini, hawan jini kuma yana ƙara mata ciwo. Sau da yawa a wannan lokaci ido ma ya fara dishi-dishi, domin 'yan jijiyoyin bayan ido irin na ƙoda ne, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

Mataki na biyar, ƙoda ta gaza. Dattin da ya kamata ya fita ya taru cikin jini. Abinci ya fita rai, tashin zuciya da amai da safe, ƙaiƙayin jiki, shaƙuwa, kasala, numfashi sama-sama in an kwanta. Jini ya yi ƙaranci saboda saƙon da ake aika wa ɓargo ya yanke. A nan ne iyali ke ɗaukar Alhaji zuwa asibiti, yana ɗan shekara 60, a nan ne kuma ake cewa "kwatsam".

'Yan kasuwa za su fi kowa gane dalilin wannan shiru. Allah ya ba mu ƙoda da rara mai yawa, har mutum yana iya rayuwa da guda ɗaya. Mai ciwon sukari da bai kula ba kamar ɗan kasuwa ne da ke cin uwar kuɗi. Rumfa cike da kaya, yara na awo, baƙi na cin abinci, babu wanda zai ce akwai matsala, sai ranar da aka zauna lissafi. Mutum yana iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa bai ji ko ciwon kai ba.

Wani tarko da ya kamata a sani

Ƙoda tana cikin masu kawar da insulin daga jini bayan ya gama aikinsa, ita ce kuma ke fitar da yawancin magunguna. In ta raunana, insulin da ƙwayoyin sukari sukan daɗe cikin jiki. Sai mutumin da ya shekara 15 yana fama da sukari ya ga awonsa ya sauko da kansa, har yana jin jiri da gumi da rawar jiki. Ya yi murna, ya ce ya warke, watakila ya yaba wa wani jiƙo da ya fara sha. Alhali kuwa mai yiwuwa ne ƙoda ce ta kusa tsayawa. Duk tsohon mai ciwon sukari da ya ga haka, ya gaggauta zuwa a duba ƙodarsa, a kuma sāke masa lissafin magani, domin irin su glibenclamide suna iya kayar da shi ya suma, metformin kuma ana dakatar da shi in aikin ƙoda ya yi ƙasa ƙwarai.

Abubuwan da ke ƙara wa wutar iska

Na gaba duka shi ne hawan jini da ba a kula da shi ba. Sai gishiri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a yini, watau ƙaramin cokalin shayi guda, kuma cikin wannan lissafi har da dunƙulen miya da ake jefawa uku huɗu a tukunya, da yajin tsire da kilishi. Sai taba sigari, da ƙiba, da gado, domin in an taɓa yin ciwon ƙoda a gida, sai a ƙara sa ido.

Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac da piroxicam, waɗanda ake saye a faranti ranar kasuwa, ko a haɗa su cikin ƙullin leda a ce maganin gajiya. Waɗannan suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Manomin da ya yini cikin rana yana zufa bai sha ruwa sosai ba, ga sukari, ya dawo ya haɗiye su da dare, ya tara wa ƙodarsa abokan gaba uku a lokaci guda. Haka nan jiƙe-jiƙen da ake tallarsu da lasifika, waɗanda ba a san abin da aka zuba ciki ba balle adadinsa. Ba mu raina ilimin itatuwa da muka gada ba, amma duk abin da aka haɗiya sai ya bi ta ƙoda, kuma mai rauni ba ta ɗaukar gwaji. Zuma da dabino ma, duk da albarkarsu, sukari ne a cikin jinin mai wannan cuta, sai da lissafi.

A sani kuma ba kowane ciwon ƙoda ne na sukari ba. A Nijeriya hawan jini da kumburin matatan ƙoda suna cikin manyan dalilai. Akwai sikila, akwai toshewar mafitsara ga dattawa, akwai tsargiya, wadda likitocin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na makarantar cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka yi dogon bincike a kanta a nan ƙasar Malumfashi cikin shekarun 1970. Saboda haka wanda ya ga jini cikin bawalinsa kada ya ce sukari ne ya zauna, wannan wata magana ce dabam da ke son bincikenta.

Gwaji biyu, sau ɗaya a shekara

Tun 1827 wani likita a London mai suna Richard Bright yake ɗora fitsarin masu kumburi a cokali bisa wutar kyandir, ya ga yana daskarewa kamar farin ƙwai, ya gane ƙoda ce ke yoyo. Yau abin ya fi haka sauƙi da inganci. Gwaji na farko na fitsari ne, ana auna albumin. Ƙasa da 30 lafiya, daga 30 zuwa 300 yoyo ya fara, sama da 300 ya yi yawa. Mai zuwa ya faɗa wa likita ƙaramin yoyo yake so a duba, domin ɗan tsinken gwaji na yau da kullum ba ya cika kama shi da wuri. Zazzaɓi da aikin ƙarfi suna iya ɗaga shi na ɗan lokaci, don haka akan maimaita kafin a yanke hukunci.

Gwaji na biyu na jini ne, ana auna wani datti mai suna kiriyatinin, daga nan a lissafa ƙarfin tacewar ƙoda. Lafiyayyen matashi yakan samu 90 ko fiye. In ya zauna ƙasa da 60 har wata 3, ciwon ƙoda ya tabbata. Ƙasa da 15 ƙoda ta gaza. Dole a yi su duka biyu, domin akwai waɗanda ƙarfin ƙodarsu ke raguwa ba tare da yoyo ba. Babban da aka gano yana da sukari, a yi masa gwajin nan take, saboda mai yiwuwa ya shekara da shekaru da cutar bai sani ba. Yaron da ke kan allurar insulin, a fara bayan shekara 5. Daga nan kowace shekara. Ana iya farawa da tambaya a babban asibitin Malumfashi ko na Funtua, in abin ya fi ƙarfinsu su tura mutum gaba. Wanda ke tsoron mantuwa ya ɗaura abin da lokacin da ba ya wuce shi, kamar bayan an kai amfanin gona gida, sa'ad da akwai ɗan abin hannu.

Abin da magani ke iya yi

Manyan bincike biyu, ɗaya a Amurka da Kanada da aka bayyana a 1993, ɗaya a Ingila a 1998, sun tabbatar cewa riƙe sukari kusa da daidai yana rage lalacewar ƙoda da ido. Akwai gwajin jini da ke nuna yadda sukari ya kasance cikin wata 3 da suka wuce, ga yawancin mutane ana son ya tsaya wajen 7 cikin 100. Bugun jini kuma ana son ya sauka ƙasa da 130 bisa 80.

A 1993 aka nuna cewa maganin hawan jini mai suna captopril yana kare ƙodar mai sukari, a 2001 aka nuna haka ga losartan. Su da 'yan'uwansu irin lisinopril suna sassauta jijiyar nan mai fitar da jini, watau suna ɗage yatsa daga bakin tiyo. Mace mai ciki ba ta shan su. Daga 2019 zuwa 2022 kuma aka tabbatar da amfanin wasu sababbi, irin su dapagliflozin da empagliflozin, masu hana bututu kwasar sukari da gishiri fiye da kima, har 'yan tsaron nan su daina ruɗewa. Sun rage haɗarin taɓarɓarewar ƙoda da kusan kashi 1 cikin 3. Duk waɗannan likita ne ke zaɓa wa mutum bayan gwaji, kuma ba a daina su don an ji sauƙi. Tabon da ya riga ya zauna ba ya gogewa, amma ana iya tsare abin da ya rage shekaru masu yawa.

Game da azumi, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Sharja a 2009 tare da likitoci, ta kasa masu ciwon sukari gida-gida, ta ce waɗanda azumi zai jefa cikin haɗari mai tsanani su sha, kuma masu ciwon ƙoda da ya yi nisa suna cikinsu. Hukuncin ramuwa ko ciyarwa malamanmu sun fi mu sani. Abin da muke roƙo shi ne mai ciwon ya ga likita tun cikin Sha'aban, ya zo wa malam da bayanin da zai gina fatawa a kai.

In ƙoda ta riga ta gaza, sauran hanya biyu. Akwai wankin ƙoda, wanda wani likita ɗan ƙasar Holan mai suna Kolff ya ƙera injinsa na farko a 1943. Ƙa'idarsa sau 3 a mako, awa 4 kowane zama, har iyakar rai. Daga Dayi sai an tafi manyan asibitoci irin na Koyarwa na Tarayya a Katsina, ko na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, ko na Malam Aminu Kano. Kowa ya san gidan da aka sayar da gona da shanun huɗa a kan wannan hanya. Akwai kuma dashen ƙoda, wanda aka fara cin nasararsa a Boston a 1954, aka fara yi a Nijeriya a Legas a 2000, sa'an nan a asibitin Malam Aminu Kano a 2002. Majalisar Fiƙihun da muka ambata ta halatta kyautar gaɓa bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta hana sayarwa. Wanda aka yi wa dashe kuwa yana shan magani mai tsada muddin ransa. Mai hankali ya auna wannan da kuɗin gwaji biyu a shekara.

Roƙonmu ga malamai da 'yan kasuwa

Allah ya gafarta malam, kai ne ake fara kawo wa kuka kafin likita. Almajiri ko maƙwabci yakan zo da tambayar alwalar da ba ta tsayawa, yana neman hukuncin yoyon fitsari. In ka ba shi amsar da ke cikin Risala, ka ƙara masa da cewa ya je a auna sukarinsa. In an zo neman addu'a ga mai kumburin ƙafa, a yi addu'a, a kuma ce a kai shi asibiti yau. Kun fi mu sanin cewa riƙon sababi ba ya warware tawakkali, kuma jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Kalma guda daga bakinku bayan sallar Asuba ta fi takarda goma irin wannan.

Ku kuma 'yan kasuwa, babu ɗayanku da zai yarda ya shekara bai ƙirga buhunan da ke cikin sito ba. Shugabannin kasuwa suna iya gayyato ma'aikatan lafiya ranar cin kasuwa su auna wa mutane sukari da bugun jini. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da ƙiba, ko iyayensa sun yi ciwon sukari, ya miƙa yatsa a auna. Kada a manta da matan gida da iyayenmu tsofaffi, waɗanda ba sa zuwa kasuwa kuma ba sa faɗin ciwo sai ya kayar da su.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, na gida da na asibiti, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya sa mu yi aiki da abin da muka sani. Wassalamu.